Haro, rotabeta ko mai haƙora: wanne ya dace da ƙasar gonarmu?

Tambayar ta zo daga shugaban wata ƙungiyar manoma. Ya ce suna da tarakta mai ƙarfin doki 75 da garma mai faranti uku. Gonakin membobinsu iri uku ne: jigawa inda ake gero da gyaɗa, jangargari inda ake masara da waken suya, sai fadama mai laka inda ake shinkafa da damina, alkama da albasa da rani. Kuɗin da suka tara na kayan aiki ɗaya ne. Yana son ya san abin da za su saya don gyaran ƙasa kafin shuka: haro mai jerin faranti masu yanka ƙasa, ko rotabeta mai wuƙaƙe masu juyawa suna niƙa ƙasa, ko kaltibeta mai haƙoran ƙarfe masu tsaga ƙasa.

Malam, tunda abu ɗaya kuɗin zai iya, ku sayi mai haƙora, mai haƙori 11 da sifirin, ku haɗa da baki iri biyu, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a tsinin haƙori, da rola ta baya, wato gangar da ke bi tana fasa hoge tana danna ƙasa. Haro ba ya wahalar samu haya a ƙasar nan, kusan duk mai tarakta yana da shi. Rotabeta kuwa aikinta a wurinku na fadama ne kawai, 'yan kwanaki a shekara, haya ta fi muku sauƙi. Amma wannan shawara tana da sharaɗi, kuma idan fadamar ce ta fi yawa a gonakinku lissafin zai canza. Don haka bari a bi ƙasashen ɗaya bayan ɗaya.

Da farko a san abin da ake nema. Yawancin direbobi da masu gona suna ɗauka cewa gona ta gyaru idan ƙasa ta koma gari, ta yi sumul kamar an tankaɗe. Wannan kuskure ne, kuma shi ne tushen yawancin ɓarnar da ake yi da tarakta. Iri yana son abu uku. Yana son ya kwanta a kan ƙasa mai ɗan tauri wadda danshi ke hawowa ta cikinta daga ƙasa. Yana son ƙananan ɓarɓashi su rungume shi don ya sha ruwa. Sannan a samansa yana son 'yan hoge, daga girman ƙwayar gyaɗa zuwa girman goro, waɗanda za su tare dukan ruwan sama da iska. Zurfin shuka kuma ba shi da yawa: gero santimita 2 zuwa 3, dawa da alkama 3 zuwa 5, masara da gyaɗa wajen 5, riɗi 1 zuwa 2. Ke nan aikin ƙarshe kafin shuka ba ya bukatar wuce santimita 8 zuwa 10 a yawancin amfanin gona. Abin da ya wuce haka aikin garma ne, ba na gyaran shimfiɗa ba.

Kafin ku fitar da kuɗi ku tabbatar da ƙasar kowace gona, domin suna kan ruɗi mutum. Akwai fadamar da yashi ya fi yawa a cikinta, akwai tudun da samansa rairayi ne amma taƙi ɗaya a ƙasa laka ce. Ka ɗebi ƙasa daga zurfin santimita 10 zuwa 15, ka jiƙa ta kaɗan, ka murza tsakanin babban yatsa da manuni kana tura ta waje kamar tsinke mai faɗi. Idan ta ƙi haɗuwa, tana ƙaras-ƙaras, rairayi ne. Idan ta yi tsawon santimita 2 zuwa 4 kafin ta karye, matsakaiciya ce. Idan ta wuce 5 tana sheƙi tana manne wa yatsa, laka ce. In kana son ka gani da ido, ka cika sulusin kwalba da ƙasar, ka ƙara ruwa da ɗan garin sabulu, ka girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa mai kama da ƙurar hunturu za ta kwanta cikin awa biyu, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu. Ka auna kaurin kowane hawa da rula. Bayan wannan ka haƙa rami mai zurfin santimita 40 a kowace gona, ka soka wuƙa a bangonsa daga sama zuwa ƙasa. Inda wuƙar ta ƙi shiga, ka auna zurfinsa ka rubuta. Wannan adadin zai yi amfani nan gaba.

Jigawa ita ce ta fi sauƙin aiki, ita ce kuma ta fi saurin lalacewa. Rairayin da ke arewacin jihohin Jigawa da Katsina da Yobe, ya haye Maraɗi da Damagaram, kusan ba shi da abin da ke riƙe ƙwayoyinsa. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, yashin da ke saman ƙasar ya haura kashi 90 cikin 100, kuma an daɗe ana nazarin yadda iskar farkon damina ke binne ƙaramin gero a can. Duk manomin wannan yanki ya san abin: hadari ya haɗo daga gabas, iska ta riga ruwa isowa, yashi ya sassare ganyen tsiro ko ya rufe shi, a wayi gari ana neman irin sake shuka. To idan aka sa haro a irin wannan ƙasa tana bushe, ko aka sa rotabeta, an niƙa ɗan abin da ya rage mai riƙe ta, an kuma binne karan da ke kare ta. Ban ga wani dalili da zai sa rotabeta ta shiga jigawa ba.

Abin da jigawa ke so shi ne mai haƙora da baki mai faɗi, wanda ya yi kama da ƙafar agwagwa, faɗinsa santimita 20 zuwa 25. A sa shi zurfin santimita 5 zuwa 8, wucewa ɗaya, bayan ruwa ya jiƙa ƙasa. Yana yanke saiwar ciyawa daga ƙasa, ya bar kara da ganye a sama, bai juya ƙasar ta bushe ba. Aikin da ashasha, doguwar fartanyar nan da ake turawa a tsaye, ke yi a hannun manoman Nijar ke nan, kuma ba banza suka riƙe ta ba. A nan rola tana da muhimmanci, domin rairayin da aka buɗe yana shan iska ya bushe cikin yini guda, kuma injin shuka yana nutsewa a cikinsa ya kai iri zurfin da ba a so. Rola mai sanduna, wadda ta yi kama da keji, ita ce daidai. Kada a sa mai santsi, tana barin fili sumul wanda iska ke kwashewa. Idan za a yi kunya kuma gonar ba ta da gangare, a ja ta kudu da arewa don ta gitta wa iskar gabas. Idan akwai gangare, ruwa ne abin tsoro, sai a gitta wa gangaren. Abu ɗaya da za ku shirya masa: yashi yana cin ƙarfe. Baki yana ƙarewa a jigawa fiye da ko'ina, don haka ku riƙa ajiye saiti ɗaya a gefe, ko mai walda ya ɗora muku ƙarfe mai tauri a gefen bakin tun yana sabo.

Jangargari ce inda zan fi daɗewa, domin a nan ne kuɗin masara yake, a nan ne kuma haro ya fi yin ɓarnar da ba a gani. Ƙasar yankin Zariya da Giwa da Funtuwa tana da lallausan yashi da ƙura mai yawa, takin da ke cikinta kuma kaɗan ne. Masu bincike a cibiyar aikin gona ta Samaru sun daɗe da bayyana halinta: idan aka niƙa ta aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙwayoyinta suna narkewa su toshe ƙofofin ƙasa, rana ta fito ta gasa su, sai sama ya yi ɓawo. Ruwan da zai biyo baya ba ya shiga, gudu yake yi ya tafi da taki. Masara takan iya huda ɓawon saboda tsironta kamar mashi yake fitowa. Waken suya da auduga da wake kuwa sai sun ɗago kansu gaba ɗaya ta cikin ƙasa, wuyansu yakan karye a ƙarƙashin ɓawon. Mai gona ya ce iri ne ba shi da kyau, alhali haro sau uku ne ya jawo.

Ɓarna ta biyu tana ƙasa. Farantin haro yana shiga ne kimanin rubu'in faɗinsa, wato faranti mai inci 24 ba ya wuce santimita 12 zuwa 15. Bayan farantin yana danna ƙasar da ke ƙarƙashinsa yana shafe ta. Idan aka yi haka shekara da shekaru a zurfi ɗaya, musamman ƙasa tana jiƙe, sai wani daɓe ya samu a wurin. Alamominsa a bayyane suke ga mai lura: ruwa yana kwanciya a kwarin kunya bayan ruwa kaɗan, masara tana yaushi bayan kwana biyar ba ruwa, iska tana kwantar da ita cikin sauƙi, kuma idan ka tumɓuke auduga ko wake za ka ga uwar saiwar ta sauka ta lanƙwashe gefe kamar an karya ta. Wurin da wuƙa ta ƙi shiga a raminka, shi ne wannan daɓen.

Haƙori ba ya yin haka, domin shi tsaga ƙasa yake yi, ta fashe ta inda take da rauni. A jangargari sai a cire baki mai faɗi a sa siriri mai kai biyu, faɗinsa wajen santimita 5, wanda idan gefe ɗaya ya cinye sai a juya shi. Wucewar farko a zurfin 12 zuwa 15, ta biyu a karkace kan ta farko, a zurfin 8, da rola a baya. Gudun tarakta ya kai kilomita 6 zuwa 8 a awa. Wannan gudun ba don sauri ba ne, karkarwar haƙoran ce ke fasa hoge, idan aka yi tafiyar hawainiya sai su ja layi kawai su wuce. Idan daɓen bai wuce zurfin santimita 15 ba, za a iya cire haƙora shida a bar biyar, a shiga santimita 18 zuwa 20. Idan ya fi haka zurfi, kada ku tilasta wa kaltibeta, za ku miƙar da sifirin ku lanƙwasa firam. Wannan aikin garma mai dogayen ƙafafu ne wadda ke tsaga ƙasa ba ta juya ta ba, ita ma haya za ku yi, sau ɗaya a shekara uku ko huɗu ya isa. Bakinta ya wuce ƙasan daɓen da kamar santimita 5, kuma kowace ƙafa tana cin ƙarfin doki 25 zuwa 30 idan aka kai zurfin 40, don haka taraktarku ƙafa biyu za ta ja da daɗi. Lokacinsa bayan girbi ne, Nuwamba zuwa farkon Disamba, ƙasa ta bushe yadda za ta fashe amma ba ta zama dutse ba. A jiƙe ƙafar yanka kawai take yi kamar wuƙa a cikin sabulu, a watan Maris kuwa mai za ku ƙona a banza.

Ga sharaɗin da na ambata. Mai haƙora ba ya jituwa da dogon kara. Idan gonar masara ko dawa ce da aka bar karanta a kwance, zai tattara shi kamar manjagara, ya toshe duk bayan 'yan taku. A yawancin gonakinmu ana kwashe kara don dabbobi da shinge da girki, don haka matsalar ba ta cika tasowa ba. Inda kara ya yi yawa, ko sabuwar gona mai doguwar ciyawa, a ɗauko haro haya ya wuce sau ɗaya, mai faranti masu giɓi a layin gaba don su datse karan, sannan haƙora su ƙarasa. Ba a hana haro aiki ba, abin da ake gudu shi ne ya zama shi kaɗai ne kayan aikin gona kowace shekara.

Akwai kuma maganar ciyawa, wadda sau da yawa ita ce ke yanke hukunci. Kiri-kiri da aya-aya da tofa suna yaɗuwa ne ta saiwa da 'ya'yan da ke cikin ƙasa. Faranti da wuƙaƙen rotabeta suna datsa su gunduwa-gunduwa, kowane guntu ya zama sabon tushe, ka biya kuɗi an dasa maka ciyawa. Haƙori kuwa yana jawo su sama. Idan aka yi haka a lokacin zafi, aka bar su kwana bakwai zuwa goma a rana, aka sake wucewa, da yawansu za su mutu.

Sai fadama. Laka ba irin na'ura ce matsalarta ta farko ba, lokaci ne. A bushe ta fi ƙarfin haƙori, sai dai ya yi ta tsalle a sama ko ya ɓalle manyan hoge kamar tubali. A jiƙe kuma duk abin da ya taɓa ta shafe ta yake yi, idan ta bushe ta koma kamar tukunya. Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yan kwanaki, wani lokaci biyu ko uku kacal, da take marmashewa da kanta. Hanyar ganewa: ka ɗebo ƙasa daga zurfin da za a yi aikin, ba daga sama ba, ka murza a tafin hannu. Idan ta yi zare siriri kamar tsinken ashana mai kauri, wato wajen milimita 3, ba ta karye ba, ruwa ya yi yawa, a jira. Idan ta fara tsintsinkewa kafin ta kai haka, yau ce ranar. Idan direba ya zo ƙasa tana yin zare, da muguwar rawa gara ƙin tashi, ku sallame shi ya tafi gonar jigawa, domin hogen da aka yi a jiƙe yakan ci shekara bai narke ba.

Baƙar laka mai tsagewa, irin firgin Borno wajen Marte da Ngala, da wadda ke yankin Numan, tana da wata baiwa: da rani tana tsagewa har hannu ya shiga, wato tana yi wa kanta aikin da garma mai dogayen ƙafafu za ta yi. Masu dashen masakwa, wato dawar rani, a firgi ba sa kaftu, rami kawai suke hudawa. Darasin da ke nan shi ne a bar rana da ruwa su yi rabin aikin. A yi kaftu da garmar faranti bayan girbi, a bar hogen ya sha rana, ruwan farko ko ban-ruwan farko ya jiƙa shi ya farfashe, sannan a kawo abin gyara.

A nan rotabeta take da gaskiya, domin wucewa ɗaya tana yin abin da haƙora za su yi a wucewa uku, kuma kowace wucewar tarakta a laka danna ƙasa ce. Amma a san yadda ake sarrafa ta. Laushin da take bayarwa ya dogara ne da girman yankan da kowace wuƙa ke ɗauka. Shaf ɗin bayan tarakta, wanda ke juya rotabeta, yana juyawa sau 540 a minti, gangar wuƙaƙen kuma wajen sau 200. Idan tarakta tana tafiyar kilomita 3 a awa, mita 50 ke nan a minti. Wuƙa uku ne ke bin layi ɗaya a kowane juyi, wato yanka 600 a minti. Raba mita 50 gida 600, kowane yanka ya zama wajen santimita 8. Wannan ya yi wa alkama daidai. Idan direba ya rage gudu zuwa kilomita ɗaya da rabi, yankan ya koma santimita 4, ƙasa ta zama gari, ban-ruwan farko ya mayar da ita siminti. Murfin baya shi ma yana da aiki: a ɗaga shi hoge ya fita da girmansa, a sauke shi ya farfashe a jikinsa. Fangalin rainon albasa ne kaɗai ke son a sauke shi sosai. Wuƙa ma iri biyu ce. Mai lanƙwasa a miƙe kamar kusurwar bango tana yanka ciyawa da kyau, amma a laka mai danshi tana shafe ƙasan aikin tana kuma cushewa. Mai lanƙwasa kamar lauje ta fi shiga laka mai nauyi, ta fi ƙarancin cushewa.

Shinkafa da alkama a gona ɗaya suna son abubuwa biyu masu karo da juna, kuma wannan ya shafe ku kai tsaye. Shinkafar dashe tana son a kwaɓa taɓo: a sakar wa fili ruwa ya jiƙa na 'yan kwanaki, a bar kamar santimita 5 a sama, a wuce sau biyu, a ja katako a daidaita. Kwaɓin yana yin daɓe a ƙasa da gangan don ya riƙe ruwa. Alkama kuwa wannan daɓen ne ke hana saiwarta sauka, ya sa ta yi rawaya bayan ban-ruwa. Saboda haka bayan girbin shinkafa, haƙoranku masu siririn baki su fara shiga santimita 15 zuwa 18 su tsaga shi, sannan rotabeta ta bi sama-sama, santimita 8. Kuma lokaci yana matse, domin alkama tana son a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba don ta samu sanyin hunturu. Ku yi maganar haya da mai rotabeta tun shinkafa ba ta nuna ba. Game da kwaɓin kansa, tarakta mai ƙarfin doki 75 tana da nauyi, tana nutsewa tana kuma rushe gefen fangali. Ƙaramin injin da ake bi a baya da ƙafa, mai ƙarfin doki 12 zuwa 15 da tayoyin ƙarfe, shi ya fi dacewa da ƙananan fangulanmu. Idan ya kasance fiye da rabin gonakin ƙungiyarku fadama ce, to a nan zan juya shawarar: ku sayi rotabeta mai faɗin mita 1.8, ku nemi mai haƙora haya ko ku sa a ƙera muku daga baya.

Gona mai tsakuwa ko marmara ko kututture a ɓoye maganarta gajeriya ce. Rotabeta za ta karya wuƙaƙe, ta lalata giya. Haƙori mai sifirin yana kaucewa ya dawo, faranti yana hayewa ya wuce. Ƙasar da kanwa ta fito mata, kamar yadda ake gani a wasu wuraren ban-ruwa inda magudana suka toshe, ita kuma niƙa ta ƙara toshe ta yake yi. Tana bukatar magudanar ruwa da taki, ba sabuwar na'ura ba.

Lissafin aiki ma yana goyon bayan haƙora. Ka ninka faɗin na'ura a mita da gudu a kilomita, ka raba gida 10, ka cire rubu'i saboda juyawa da tsayawa. Mai haƙori 11 faɗinsa wajen mita 2.4, a gudun kilomita 7, zai yi hekta ɗaya da rubu'i a awa. Rotabeta mai mita 1.8 a gudun kilomita 3 ba za ta wuce kashi huɗu cikin goma na hekta ba. Ga ƙungiyar da membobi ke layi bayan ruwan shuka, wannan bambanci shi ne tsakanin wanda ya shuka a kan kari da wanda ya makara. Ga membobin da ke da shanun noma kuwa, akwai ƙaramin mai haƙora uku ko biyar da ake ɗaurawa a jikin sandar garma, wanda aka fi sani a Nijar. Bijimai biyu suna iya jan kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsu yini guda, don haka haƙora biyar a jigawa, uku a jangargari, sannan a bi da garmar huɗa a tazarar santimita 75.

A wurin saye kada fenti ya ja hankalinku. Ku auna daga ƙasan firam zuwa tsinin baki, kada ya gaza santimita 45, tsakanin layin haƙoran gaba da na baya ma haka, domin wannan filin ne ke barin ciyawa ta wuce. Ku duba kowane haƙori yana da sifirin biyu masu ƙarfi ɗaya, ku girgiza shi gefe da gefe, idan yana lilo ramin fil ɗinsa ya cinye. Ku duba walda a wurin da ake rataya shi a tarakta, nan ne yake fara tsagewa. Fil ɗin rataya na tarakta irin taku kaurinsa milimita 28 ne a hannuwan ƙasa da ke ɗaukar na'ura a bayan tarakta, 25 a na sama. Yawancin ƙananan kaltibeta suna zuwa da fil mai 22 da 19, idan aka rataya haka ba a sa bushi, wato zoben da ke cike giɓin, ba zai yi ta bugawa har ramin ya faɗaɗa. Mafi muhimmanci, ku cire baki ɗaya ku tafi da shi kasuwar kayan gyara, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ku ga ko ana samun mai tazarar ramuka iri ɗaya. Na'urar da ba a samun bakinta da sifirinta a kusa, shekara biyu za ta yi ta koma ƙarƙashin bishiya. Rolar baya kuwa mai walda na gari zai iya ƙera ta: faɗin gangar santimita 30 zuwa 35, sanduna takwas ko goma a ɗan karkace, da boris mai kan giris a kowane gefe.

Ranar fara aiki a saita shi a fili mai daidai. A gyara hannun sama har layin gaba da na baya su taɓa ƙasa tare. Idan hannun ya gajarta, haƙoran gaba ne za su yi aikin su kaɗai su cinye, idan ya yi tsawo na baya ne. A sa baki biyun da ke bin sawun taya su fi sauran zurfi kaɗan don su buɗe inda taya ta danne. Bayan mita 50 a tsaya, a share ƙasar da ta saki da hannu a ga gindin aikin: idan akwai tudun da ba a taɓa ba tsakanin haƙora, baki mai faɗi bai haɗe ba, a matso da su ko a sa mafi faɗi yadda kowanne zai hau kan sawun ɗan'uwansa da santimita 3 zuwa 5. Idan taya tana tona ƙasa tana juyawa a wuri ɗaya, a rage zurfi ko a ƙara nauyi, kada a ƙara wuta. A ɗaga na'ura kafin kowane juyi, juyawa da haƙora a cikin ƙasa shi ke murɗe su. A sake ɗaure notuna bayan awa biyun farko.

Idan kun ɗauko rotabeta haya, ku duba abu biyu kafin a kunna. Na farko kusar kariya da ke jikin shaf, wadda aka yi ta don ta karye idan wuƙa ta bugi dutse. Wasu direbobi suna gajiya da canza ta su sa guntun rodi ko noti mai tauri, daga nan kuma giyar tarakta ce za ta karye a madadinta, kuma taraktar taku ce. Na biyu murfin shaf ɗin. Shaf mai juyawa sau 540 a minti yana yin juyi tara a daƙiƙa ɗaya, idan ya kama hannun riga ko bakin rawani babu wanda zai iya kashe inji kafin ya naɗe mutum. Kada wanda ke sanye da babbar riga ya matso kusa, kada a bar yara su bi bayanta suna tsintar abin da ta tono, kuma kada a sa hannu a cire ciyawar da ta naɗe wuƙaƙe sai an kashe tarakta an zare makulli.